Mama ta kasa haɗiya, ko akwai masanin abinci da ke zuwa gida?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka mini da shawara, abin ya tsaya mini a rai.

Wata huɗu ke nan da Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki, ga ciwon suga tun tuni. An sallamo mu daga asibiti a nan Kano, ni da ƙanwata muke jinyarta a gida. Matsalar haɗiya ce. Ruwa ko koko tsararo, cokali biyu sai ta ƙware, ta yi ta tari har idonta ya kaɗa. Kunun gyaɗa mai kauri ya fi wuce mata, ko da yake sai mun jingina ta da filo ta zauna sosai. To shi kuma da shinkafa ake dama shi, in na gwada jininta bayan awa biyu sai in ga sugan ya hau.

Ta rame ƙwarai, zobenta ma zamewa yake daga yatsa. Gyambon kwanciya ya fara fitowa a ƙugunta, ma'aikaciyar jinya ta ce ba zai warke da wuri ba sai da abinci mai gina jiki. Likita ya kawo maganar sa mata robar abinci ta hanci, Mama ta girgiza kai, Baba ya ce kada a wahalar da ita.

Fita da ita aiki ne, sai maza biyu sun ɗauke ta. Akwai masanin abinci da ke duba mara lafiya a gida? Kafin nan, in markaɗa mata wake, ƙwai da kifi a miyar kuɓewa? Sau nawa a rana?