Wane suna za mu ba wa honeysuckle a darasin yara?

Assalamu alaikum, malamaina. Ina shirya wa 'yan aji huɗu darasi a kan wani ƙaramin itace na gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka, wanda masana tsirrai ke kira Diervilla lonicera. Tsayinsa bai cika wuce mita 1 ba, furensa ruwan ɗorawa ne mai kama da ƙaramin mazurari, yana yin ja-ja idan ya kwana biyu, kuma manyan ƙudajen zuma ne ke ɗaukar masa barbara. Danginsa su ne Turawa ke kira honeysuckle. Yaya zan faɗe shi da Hausa?

Wa alaikumus salam, Malama. Sunan Turancin ya samo asali ne daga ruwan zaƙin da ke gindin furen, wanda yara ke tsinka su tsotsa. Da farko “sha-zuma” ne ya zo mini, amma duk yaron da ya ji shi shazumami zai tuna, sai darasin itace ya koma na tururuwa. Ina ganin “tsotsi-zuma” ya fi, tun da Hausa ta saba haɗa aikatau da abin da ya faɗa wa ta yi suna, kamar hana-salla da dafa-duka.

Allah ya gafarta Malam, ginin kalmar ba shi da aibu, sai dai umarni ne, kuma yara ake koyarwa. Cikin dangin akwai Lonicera, mai nau'o'i wajen 180, wanda masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa wa suna a 1753 don tunawa da Bajamushe Adam Lonicer, kuma 'ya'yan wasu daga cikinsu suna sa amai da ciwon ciki. Ba na son sunan da zai ce wa yaro ya kai abu baki. Na ma duba sunan dangin na Latin, Caprifoliaceae, wato “ganyen akuya”, amma wannan dusa da harawa zai tuna wa ɗalibi.

Hujjarki ta fi tawa, Malama, na janye. Mu ce “furen zuma” ga dangin baki ɗaya, shi kuma wannan da ba ya yaɗo kamar wasu 'yan'uwansa a kira shi “gajeren furen zuma”. A allo dai ki rubuta sunan kimiyyar a gefensa, ki kuma gaya musu ruwan furen ba zuma ba ne tukuna sai ƙudan zuma ya sarrafa shi.