Kirki Kaɗai Ya Isa?

Ƙaramin Almajiri:
Iyayena da yayyena, ga abin da ya hana ni barci. Da waƙa na kawo, da waƙa nake roƙon amsa.

Ina da maƙwabci mai kirki,
Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba.
Ya tsinci jaka maƙare da kuɗi,
Bai ƙirga abin da ke ciki ba,
Ya miƙa ta hannun mai ita,
Bai tsaya jiran godiya ba.
Daren da zazzaɓi ya kayar da ni,
A zaune ya kwana, bai runtsa ba.
Sujada kam ba ya zuwa,
Bai ce ya san Almasihu ba.
Ni da ba na fashin Lahadi,
Ban kai rabin halinsa ba.
To Baba, in kirki bai wadatar ba,
Me ya rage da bai yi ba?

Dattijo:
Ɗana, wani ya riga ka tambaya,
A Markus 10, da gudu da durƙusawa.
Mai dukiya ne, mai kiyaye doka,
Tun ƙuruciya ba ya ƙetarewa.
Yesu ya dube shi, ya ƙaunace shi,
Ya ce abu guda ne ke ragewa:
Ya sayar da nasa, ya ba matalauta,
Ya bi shi. Sai ga bawan Allah na juyawa.
Kirkinsa ba na ƙarya ba ne,
Zuciyar ce ke da abin riƙewa.
Ga kuma biyu a Haikali, Luka 18,
Ɗaya a tsaye yana ta lissafawa:
Azumi biyu a mako, ushiri cif,
Har da ɗan'uwansa yake nunawa.
Mai karɓar haraji can daga nesa,
Ko sama ya kasa dubawa,
Ƙirji yake bugu, jinƙai yake roƙo,
Shi ya koma gida da baratarwa.

Mama:
Baba, a gafarce ni in sa baki,
Kada malalata su sami mafaka.
Na san masu “alheri, alheri” a leɓe,
Hannu kuwa ya bushe, ba ya sadaka.
Yakubu ya faɗa a sura ta 2,
Bangaskiya ba aiki gawa ce, ba shakka.
Ka ce wa mai yunwa ya sauka lafiya,
Ka ja ƙofa, me ya samu daga naka?
A Matiyu 25, ran rarrabewa,
Tumaki dama, awaki hagu, haka.
Ba a tambayi wa ya fi murya ba,
Sai wa ya leƙa na kurkuku da mai jinya a ɗaka.

Yayanku Mai Karatu:
Mama, Baba, ai hanya guda kuke bi,
Ɗaya na gabanta, ɗaya na bayanta.
Filajiyas, ɗan Birtaniya da ya koyar a Roma,
Ya ce doka, da ƙwazo za a cika ta.
Agustin, bishop na garin Hippo, ya ce ina!
Zuciya ta karkace, wa zai daidaita ta?
A shekara ta 418 shugabannin ikilisiya suka taru a birnin Kartaj,
Koyarwar Filajiyas aka ƙi ta.
Afisawa 2, aya 8 da 9,
Ceto kyauta ne ba lada ba, karanta.
Amma ƙanena, kar ka rufe littafin,
Aya ta 10 ake yawan tsallake ta:
An halicce mu don kyawawan ayyuka,
'Ya'yan bishiya ke nan, ba saiwarta.

Dattijo:
Mama, kin taɓa ni inda ya dace, na karɓa. Ɗana, saura maganar maƙwabcinka.

Ya tuna mini da Karniliyus,
Jarumin Roma a Kaisariya, mai bayarwa.
Sadakarsa da addu'arsa sun kai sama,
Mala'ika ne ya zo da sanarwa.
Amma bai ce masa ya gama ba,
Garin Yafa aka aika a kira Manzo Bitrus, yana da abin faɗawa.
Kar ka raina kirkin mutumin nan,
Kar ka hau kujerar da ba taka ba ta hukuntawa.

Ƙaramin Almajiri:
Baba, na zo da ƙarar wani,
Ashe ban leƙa kaina ba.
Lahadina nake ta ƙirgawa,
Da mai azumi biyu ban bambanta ba.
Shekara shida katanga guda,
Ban taɓa yi masa zancen Yesu ba,
Kwanan da ya yi a gefen gadona,
Ko shi ban gode yadda ya kamata ba.
Gobe da yamma zan je gaishe shi,
Ban san ta inda zan fara ba.
Mama, ke da kika saba shiga gidaje,
Ba kya ara mini kalmar fari ba?