Waɗanda suka taɓa shiga ajin koyon haɗa manhajar waya, me kuka tarar?

Maman Biyu, Zariya:
Assalamu alaikum. An buɗe ajin haɗa manhajar waya na masu farawa a wata cibiya kusa da mu, sati shida, Asabar da Lahadi. Ina son shiga, amma ban taɓa rubuta kodin ko layi ɗaya ba, kuma kwamfutar gidanmu tsohuwa ce, ram ɗinta giga 4. Don Allah waɗanda suka yi irinsa ku ba ni labari kafin in biya kuɗi.

Ɗan Fagge:
Wa alaikis salam 'yar'uwa. Fara tambayarsu da me za su koyar. Mu da Android Studio aka fara mana, wato manhajar kwamfuta da ake haɗa manhajojin Android a cikinta, da yaren Kotlin, kuma ni ma giga 4 gare ni, alhali ita aƙalla 8 take so. Ranar farko a sauke kaya ta ƙare. Ita kanta ta kai giga ɗaya, kana buɗe aikin farko kuma Gradle, mai harhaɗa aikin ya zama manhaja, ya kama jawo nasa kayan, ga mu da yawa a kan intanet ɗaya, bayan azahar aka ɗauke wuta. Wayar gwajin da ke cikin kwamfuta, wadda suke ce wa emuleta, tawa ko motsi ba ta yi ba. Na koma gida raina a ɓace, ina ganin abin ba na irinmu ba ne.

Wani ɗan ajinmu mai gyaran waya a Farm Centre ne ya fitar da ni. Ya ce in rabu da emuleta in yi gwaji a Tecno ɗina: a shiga bayanin waya a saiti, a danna Build number sau bakwai har Developer options ya buɗe, a shiga can a kunna USB debugging, a jona da kwamfuta. Ki kula da igiyar, wasu caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar bayani. Sai da na canza biyu.

Malamar Islamiyya, Kaduna:
Ni nawa ya zo da sauƙi, alhamdu lillahi. Da App Inventor na jami'ar MIT ta Amurka muka fara, a burauza yake aiki, babu abin girkawa mai nauyi. Ba rubutu ake yi ba, tubala ake jawowa ana haɗawa. A rana ta biyu na haɗa carbi: maballi ɗaya, duk dannawa lamba ta ƙaru, in ta kai 33 wayar ta yi gurnani ta koma sifili. A nan na gane abin da malamin ya yi ta bayani, cewa akwai akwati mai suna da ake ajiye lamba a ciki, da kuma sharaɗin "idan kaza ya faru, yi kaza". Da dare na ga mahaifiyata tana tasbihi da shi bayan isha'i. Wallahi wannan ne ya sa ban fasa zuwa ko sau ɗaya ba.

Ɗan Maraɗi:
Namu Flutter ne, shi ma kayan haɗa manhaja ne, yarensa Dart. Malami yana bayani da Faransanci da Hausa, kurakuran kuma suna fitowa da Turanci, wannan ya ba ni wuya a farko. Ga abin da ya cinye mini yini guda: na rubuta "Koyi sana'a" a fuskar manhajata, komai ya yi ja. Ashe rubutu a Dart ana yawan rufe shi da ɗauri guda-guda, wato alamar ' a farko da ƙarshe, sai ya ɗauki alamar da ke tsakiyar sana'a a matsayin ƙarshen magana. Da na sa ɗauri bibbiyu (") ya wuce. Mu a Nijar ƴ muke rubutawa, ku masu rubuta 'ya'ya da 'yan'uwa za ku fi mu haɗuwa da shi. Daɗin Flutter, kana canza launi ko kalma kana gani a waya nan take.

Ɗan Fagge:
Malama, tubala suna da kyau don fahimta, amma masu ba da aiki Kotlin ko Flutter suke tambaya. Kuma kada a ce mata sati shida sun isa. Rabin ajinmu sun watse ne da suka ga ba a kai ga saka manhaja a Play Store ba. Buɗe asusun masu saka manhaja a can dala 25 ne sau ɗaya, na Apple dala 99 duk shekara.

Malamar Islamiyya, Kaduna:
Gaskiyarka ɗan'uwa, ni ma yanzu Flutter nake koyo. Sai dai da na zo kan sharaɗi a Dart, na riga na san shi tun daga carbin.

Maman Biyu, Zariya:
Allah ya saka da alheri. Na kira su, Flutter ne, kuma akwai kwamfutoci a ajin. Bita a gida fa?

Ɗan Maraɗi:
Buɗe DartPad, shafin gwada rubutun Dart, a burauza, giga 4 ɗinki ya ishe shi. Ki tafi da igiya mai kyau ranar Asabar.