Kwalbar da ake fesawa idan an ci kofi: wane suna za mu ba ta?

1/ Masu fassarar labarai da masu sharhin wasanni, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Kwalbar nan da ake girgizawa a fesa idan an ɗaga kofi ko an lashe tseren mota, kowa da abin da yake kiranta: wani ya ce lemo, wani ya ce giya, wani shamfen, har na ga an rubuta "giya mai ƙyalƙyali". Ni ba na sha, kuma na san galibinmu a nan haka ne. Dalilin da ya sa sunan ya dame ni ke nan, domin mai gudun abu ya fi kowa buƙatar ya san shi da sunansa.

2/ Mu fara ajiye "ƙyalƙyali" gefe. Daga Turanci aka kwaso shi ɗanye. Ƙyalƙyali na zinariya ne da madubi, alhali abin da ke cikin kwalbar iska ce da ke tasowa. Su kansu masu sana'ar ba haka suke faɗa ba: Bafaranshe ya ce mousseux, Italiyawa su ce spumante, mutanen Sifaniya espumoso, Jamusawa Schaumwein. Dukkansu ma'anarsu ɗaya, mai kumfa.

3/ Shawarata: giyar inabi mai kumfa. Kada a jefar da "inabi" don neman gajarta, saboda giyar hatsi ma tana kumfa, mai sauraro zai ɗauka ita ake nufi. "Ruwan inabi" kuwa yana da fuska biyu. Masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa sun san shi da ma'anar wanda ya tsimu, a kanti kuma idan ka ce ruwan inabi, zallan ruwan 'ya'yan itace za a miƙo maka.

4/ Malam, na ga kana cewa "mai gas" ya fi sauƙi a baki, tunda haka muke faɗa wa lemon kwalba. Gaskiya ne ya fi sauƙi. Sai dai shi lemo dura masa iskar ake yi a masana'anta. Ita wannan daga cikinta iskar take fitowa: yisti ya cinye sukari, ya bar barasa da iska, iskar ta rasa hanyar fita don an toshe bakin. Wanda ya taɓa ganin bammi yana tsiyayar da kumfa daga bakin jarka ya ga irin aikin. Ƙarfin iskar a kwalbar shamfen ya ninka na iskar waje sau biyar zuwa shida, shi ya sa kwalbar take da kauri, ake kuma ɗaure toshiyar da waya. Idan muka ce "mai gas", mun mayar da ita 'yar'uwar lemo a kunnen mutane, kuma ruɗanin da nake gudu ke nan.

5/ To shamfen fa? A bar shi, amma a san iyakarsa. Sunan wuri ne, wani yanki a arewa maso gabashin Faransa inda garuruwan Reims da Épernay suke. Doka ta shata iyakar gonakinsa a 1927, kuma Faransawa ba sa wasa da sunan. Har cikin yarjejeniyar Versailles ta 1919 sai da suka sa sharaɗin da ya hana Jamus amfani da irin waɗannan sunaye nasu. A can da hannu ake tsinke inabin, dole ne. Sau biyu ake tsima ta, tsimi na biyu kuma, wanda ke kawo kumfar, a cikin ita kanta kwalbar da za a sayar ake yinsa, sannan a ajiye ta aƙalla wata 15, idan kuma ta inabin shekara guda ce, shekara 3. Tsadar daga nan take: ƙwadago, jira, tsadar ƙasar noma, sai kuma suna, wanda a ganina shi ne kaso mai tsoka na kuɗin da ake biya.

6/ Sauran ƙasashe kowa ya nemi nasa sunan. Cava ta Sifaniya, wadda akasarinta daga Kataloniya take, kusa da Barcelona, ita ma a kwalba ake tsima ta, tun 1872, amma mafi ƙarancin ajiyarta wata 9 ne, kuma farashinta bai kai na shamfen ba. Sauran yankunan Faransa suna kiran tasu Crémant. Afirka ta Kudu ta fara tata a 1971, daga 1992 ta koma Cap Classique. Masu saye da lissafi nan suke karkata, tunda hanyar yi ɗaya ce, kuɗi kuma ƙasa.

Prosecco ta arewa maso gabashin Italiya dabam ce. Da inabin Glera ake yinta, tsiminta na biyu a manyan tankunan ƙarfe, cikin makonni an gama an dura. Ta fi araha, ta fi ƙamshin 'ya'yan itace, ba a kuma yi ta don ajiya ba. Duk wanda ya rubuta cewa an fesa shamfen alhali Prosecco aka fesa, ya ba da labarin da ba daidai ba, ko da kuwa ba wanda ya kama shi. Daga 2021 zuwa 2024, abin da direbobin tseren mota na Formula 1 suke fesawa ma na kamfanin giya na Ferrari Trento ne na Italiya, ba shamfen ba.

7/ Idan fassara ta kai ku ga kalmomin jikin kwalba: brut na nufin sukari kaɗan, ƙasa da giram 12 a lita, sai a ce "mara zaƙi". Wadda aka rubuta wa extra dry ta fi brut zaƙi, giram 12 zuwa 17, don haka kar a fassara ta da "busasshiya". Demi-sec "mai zaƙi" ce.

8/ Yanzu ga inda abin ya fi shafarmu. Hajiya ta yi tambaya mai kyau: kwalaben da ake jerawa a teburin amarya da ango a wajen dina, masu toshiya da takardar zinariya a wuya, me za a kira su? Jama'a "wain" suke cewa, wasu ma shamfen, alhali galibinsu ruwan inabi ne ko na tuffa da aka dura wa iska. Wannan shi ne lemon inabi mai gas, kuma nan ne kalmar Malam ta samu gurbinta. Kiransa da sunan giya yana ɓata wa masu biki suna a banza. Mafi muni, yana sa yaro ya saba da sunan da siffar kwalbar har ya daina tambaya, ranar da aka miƙo masa ta gaske, mai barasa wajen kashi 12 cikin ɗari, ba zai bambance ba.

Wasu sun riga mu raba su. A tseren mota na Bahrain, abin sha na ruwan wardi mara barasa ake fesawa. A 2012 ɗan ƙwallo Yaya Touré ya ƙi karɓar kwalbar shamfen ta gwarzon wasa a gaban kyamara, ya ce shi Musulmi ne, ba ya sha. Mai sharhin da ya kira wannan kwalbar lemo ya zubar da ma'anar abin da mutumin ya yi.

9/ Akwai na uku da ke tsakiya: giya ce aka yi ta sosai, daga baya aka zare barasar. Wata za ka ga an rubuta 0.0%, wata kuma har 0.5%. Na ba ta "giyar inabin da aka cire wa barasa", da tsawonsa, don mai saye ya san asalinta. Hukuncinta na malamai ne, aikinmu mu faɗi abin da ke cikin kwalbar.

10/ Abin da ya rage shi ne rubutun. Mu a wannan ɓangaren shamfen muke ji, daga bakin Turanci. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuka ɗauko ta kai tsaye daga Faransanci, yaya take fita a bakinku, shamfan ko shampany? Ku rubuto yadda ake faɗa a rediyonku, mu ga wanda zai fi zama a kunnen kowa.