Muhawara: Bikin kiɗan rok a garin bakin teku, arzikin 'yan gari ne ko na masu shiryawa?

Baban Yusra, Gwale:
Assalamu alaikum. A zamanmu na ranar Asabar, Alhaji na Kantin Kwari ya faɗi wata magana da na kwana ina juya ta a raina, wato duk garin shaƙatawa na bakin teku da ya samu bikin kiɗan rok na shekara-shekara ya yi ban kwana da talauci, domin kwana huɗun bikin suna ciyar da mutanensa har shekara ta zagayo. Ga wanda bai sani ba, rok shi ne kiɗan nan na Turawa mai gitar lantarki da ganguna, wanda ake ƙure wa lasifika har mutum ya ji shi a ƙirjinsa. Ban gamsu da maganar ba, kuma hujjata garin Blackpool da ke bakin teku a Ingila. A duk watan Agusta ana yin bikin rok mai suna Rebellion a can, bikin da asalinsa ya faro tun 1996, amma a ƙididdigar da gwamnatin ƙasar ta fitar a 2019, Blackpool na sahun gaba cikin yankunan da suka fi fama da rashi a duk Ingila. Idan biki na korar talauci, me ya hana ya kori nasu cikin duk shekarun da aka yi ana yin sa a can?

Alhaji na Kantin Kwari:
Wa alaikumus salam. Baban Yusra, ka ɗora wa bikin laifin da ba nasa ba. Talaucin Blackpool ya girme shi nesa ba kusa ba, domin garin ya fara durƙushewa ne tun lokacin da kuɗin jirgin sama ya yi sauƙi, ma'aikatan Ingila suka gane cewa za su iya zuwa Sifaniya su sha rana maimakon su zauna cikin sanyi da yayyafin ƙasarsu. Abin tambaya shi ne yadda garin zai kasance idan aka cire masa ɗan abin da ya rage. Shi wannan biki a cikin ginin Winter Gardens ake yin sa, a tsakiyar gari, don haka duk wanda ya zo dole ya kama ɗaki a ƙananan masaukai, ya ci abinci a shagunan unguwa, ya hau motar haya. Mu 'yan kasuwa mun san wannan lissafi. Cinikin atamfa da shadda da nake yi a goman ƙarshe na azumi shi ke biya mini kuɗin shago da albashin yara a watannin da mutum zai wuni yana korar ƙuda. Wanda bai taɓa riƙe shago ba ne kawai zai raina kasuwar kwana huɗu.

Hajiya Maman Sadiq, Titin Gidan Zoo:
Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma ka zaɓi misalin da ya fi yi maka daɗi ne. Da yawa daga irin waɗannan bukukuwa a fili ake yin su, a zagaye da shinge. Ɗana yana karatu a Ingila, shi ya ba ni labarin bikin Boardmasters na garin Newquay, inda mutanen gari ba su kai 25,000 ba amma bikin ke tara kimanin 50,000. Wasan hawan igiyar ruwa a bakin tekun Fistral ake yi, kusa da gari, amma kiɗan a Watergate Bay ne, can bayan gari, kuma matasa a cikin tantuna suke kwana, su ci su sha a rumfunan da ke cikin shingen. Rumfunan nan kuwa masu shirya biki ke sayar da su.

Na san zafin wannan a jikina. Shekarun baya na kama rumfar abinci a wani baje koli a nan Kano, na biya kuɗin wuri tun kafin in ɗora tukunya, na ɗauki yara shida, na sayi buhun shinkafa biyu da jarkar mai da kaji. A kwana na biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, mutane suka watse, na tsaya ina kallon kuloli cike da dafa-duka har ta fara sauya wari, daga ƙarshe almajiran bakin ƙofa muka raba wa. Masu taron sun riga sun karɓi nasu. Irin wannan ta faru a Newquay a 2019, lokacin da aka soke kiɗan saboda hasashen guguwa ana saura sa'o'i a buɗe ƙofa. Masu tikiti an mayar musu da kuɗinsu, to wanda ya riga ya cika firij da nama fa? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ɗalibi daga Jami'ar Bayero:
Iyayena, ku ba ni dama in sa baki, domin akwai abin da ban ji an taɓo ba, wato lokacin da ake yin bikin. Garin bakin teku a Turai yana cika ne a Yuli da Agusta ko da biki ko babu, saboda lokacin ne makarantu ke hutu. Idan aka kawo matasa dubu hamsin a tsakiyar Agusta, wasu iyalai masu yara za su kauce wa wannan mako saboda hayaniya da tsadar ɗaki, ke nan mai masauki ya sauya baƙo ne da baƙo, ba ƙari ya samu ba. Shi ya sa tsarin garin Ocean City na jihar Maryland a Amurka ya fi burge ni. Mazaunansa na dindindin kimanin 7,000 ne kacal, kuma sun ajiye bikin Oceans Calling a ƙarshen Satumba, bayan masu hutu sun koma gida ɗakuna sun zama fayau. A nan ne kawai nake ganin maganar Baba Alhaji za ta iya tsayawa da ƙafarta. Sai dai su ma faɗuwar Hajiya ta same su, domin karon farko da aka shirya a 2022 ragowar guguwar Ian ta sa aka soke shi, sai a 2023 aka fara.

Malam na Kurna:
Ɗana, ka yi magana mai ma'ana, amma duk lissafin aljihu kuke yi. Ku tuna bikin rok na tsibirin Isle of Wight da ke Ingila a 1970, inda aka ƙiyasta mutum 600,000 sun taru don kallon makaɗa irin su Jimi Hendrix, a wurin da mazaunansa ba su fi 100,000 da 'yan kai ba. Abin ya ishi mutanen tsibirin har majalisar dokokin Birtaniya ta yi doka a 1971 wadda ta hana taron kwana na sama da mutum 5,000 a can ba tare da izini ba. Waɗannan fa ba malaman Kano ba ne, Turawa ne masu kiɗan da kansu. Tsohuwar da ta kwana uku ba ta runtsa ba, da mai gonar da aka tattake, da shara da kwalaben giya da ake wayar gari a tarar a ƙofar gida, da tarbiyyar yaran unguwa, wa yake sa su a cikin lissafin riba?

Alhaji na Kantin Kwari:
Allah ya gafarta Malam, ka faɗi rabin labarin ne. Mutanen wannan tsibiri su ne suka dawo da bikin a 2002, kuma har yau ana yi, cikin tsari da ƙayyadadden adadi. Da ba su ji rashinsa a aljihu ba, me zai kai su? Haka garin Benicàssim na Sifaniya, ya fara nasa a 1995, kuma maimakon ya gaji, a 2010 ya karɓi biki na biyu, Rototom na kiɗan rege, wanda ya taso daga Italiya. Idan kuma ana ganin abin na Turawa ne kaɗai, ga Essaouira a Maroko, garin Musulmi a bakin teku wanda Larabawa ke kira Sawira, yana yin bikin kiɗan Ginawa tun 1998, kuma bikin na cikin abubuwan da suka fito da sunansa a duniya.

Baban Yusra, Gwale:
Alhaji, ka kawo mini hujja da hannunka. Kiɗan Ginawa na mutanen Maroko ne, jikokin bayin da aka kwasa daga ƙasashenmu na kudu da Sahara, har ana jin ambaton Hausa da Bambara a waƙoƙinsu. Makaɗan Ginawan 'yan ƙasa ne, kuma a dandalin gari ake yin wasan. Wannan ya fi kama da Hawan Sallarmu, wanda hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a Disamban 2024. Kafin doki ɗaya ya fito Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, kuɗi ya riga ya shiga hannun maɗinki da baduku a Kasuwar Kurmi da mai sayar da harawa da mai bugun shadda, ba a ma zo kan yaran da ke yawo da zoɓo da kunun aya cikin taro ba. Da aka dakatar da hawan a shekarun nan saboda rikicin masarauta, su ne suka fara kokawa. A bikin rok kuwa, mawaƙa baƙi ne, kamfanin sauti baƙo ne, mai sayar da tikiti yana wani birni, kuma kaso mafi tsoka da su yake barin gari ranar Litinin.

Alhaji na Kantin Kwari:
To, na janye cewa yana ciyar da gari shekara guda, bakina ya yi sauri a nan. Amma ban janye cewa gari mai biki ya fi marar biki ba. Ku je Tiga ku ga ruwa shimfiɗe iya ganinka, ga otal a kan dutse tun zamanin Audu Bako, amma babu wani taro na shekara da ke kai mutane can su kashe ko sisi.

Hajiya Maman Sadiq, Titin Gidan Zoo:
Alhaji, idan ka shirya naka a Tiga, da makaɗan kalangu da kukuma tunda Malam ba zai bari a kawo gitar lantarki ba, zan zo da tukwanena. Sharaɗina guda, kuɗin rumfa sai ranar tashi, kuma idan hadari ya kore mu, asarar kajin mu raba ta biyu.