Juya Murtala ka ga Ladi

Gwaggo Mai Allura ta buɗe fage:

Da sunan Allah nake farawa,
'Ya'yana ga tambaya, ina jiran amsawa.
Naira ashirin ɗin nan da muke kashewa,
Murtala kowa ke ce mata a kasuwa.
Wa ya taɓa juya ta don dubawa?
Mace ce a bayan, tukunya take ginawa,
Ladi Kwali ce, ɗiyar Gwarawa,
Kullum tana hannunmu, sunanta ba ma kamawa.

Ɗan Zazzau ya amsa:

Gwaggo sannu da aiki, ai ba a mance da ita ba.
Sarkin Abuja Sulaimanu Barau bai raina tulunta ba,
Ya tara su a fada, Bature Cardew ya gani bai wuce ba.
A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Cardew ya buɗe, kafin ita mace ba ta shiga ba,
Abujar da nake nufi, Suleja ta yau, kar a ce ban fayyace ba.
An kai randunanta Landan, kada da kunama a jiki, ba su kwantai ba.
A 1977 jami'ar garinmu ta ba ta dakta, ita da ba ta yi boko ba.
In wannan bai kai girmamawa ba, Gwaggo, to ban san girma ba.

Gwaggo ta mayar:

Na ji, ɗana. To ɗaga hannu ka shafa kanka,
Ƙuben nan mai kyau, wace ce ta ɗinka?
Sati uku nake kan guda kafin ta iso gare ka,
Bayan isha'i, yara sun yi barci, fitila na ci ina saka,
Allura ta cinye min yatsa, ido ya fara hazo haka.
Dillali ya karɓa, a wanke, a yi kari, a rataya maka,
Ka saya ka ce hular shagon wane ce ta burge ka.

'Yar Ƙofar Mata ta shigo:

Gwaggo kin taɓo min inda ke ƙaiƙayi.
Baƙi na zuwa marina, hoton karofi suke yi,
Su yaba wa mai rini, kuma ya cancanci a yi.
Amma zanen da ke fitowa in an kwance ƙulli,
Mu muka ƙulla shi a tsakar gida, ɗaya bayan ɗaya, da zare da haƙuri.
Ita ma Ladi wajen gwaggonta ta koyi murza yumɓu tun tana ƙarama,
Wa ke ambaton wannan gwaggon in ana yabo?
Ku yafe min, amsa-amo ya kuɓuce, zuciya ce ta cika.

Ɗan Zazzau ya dawo:

Na cire hular, Gwaggo, na juya cikinta,
Na duba gefe da gefe, babu alamar mai ita.
Shekara biyu ina zuwa Juma'a da ita,
Gobe zan koma wurin mai shago in tambayi sunanta.

Gwaggo:

Je ka, ɗana, Allah ya sa ya sani ya gaya ma.
Wadda ke hannuna yanzu saura kaɗan in gama,
Na sa jan zare daga ciki, na yi 'yar alama,
Harafin farkon sunana ne, kusa da sama.