Don Allah ta ina ake fara karanta littattafan Dune?

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayana ne ya bar min kwalin littattafansa da aka yi masa canjin wurin aiki, ciki har da na Dune masu yawa. Na kalli fim ɗin 2021 da na 2024, sun shiga raina sosai. Sai na jera littattafan bisa yadda labarin ya faru, na fara da The Butlerian Jihad, yaƙin mutane da injuna masu tunani, shekara wajen 10,000 kafin a haifi Paul, jarumin labarin. Na kai rabi, kaina ya ɗaure. Ga yara ga makaranta, sai bayan isha'i nake samun zama, kuma na yi wa Yaya alƙawarin za mu tattauna idan ya zo da Sallah. In ci gaba ko in sauya?

Malam Na'ibi: Wa alaikumus salam. Ajiye shi yau ɗin nan. Ba Frank Herbert, marubucin Dune na asali, ya rubuta wannan ba, ɗansa Brian ne da Kevin J. Anderson, a 2002. Na uban shida ne kacal: Dune a 1965, Dune Messiah 1969, Children of Dune 1976, God Emperor of Dune 1981, Heretics 1984, Chapterhouse 1985. Ya rasu a 1986. Bi su yadda suka fito. Na farkon yana da ƙamus a ƙarshensa, ki riƙa leƙawa.

Baban Sadiq: Ni nawa na farkon wani abokin aiki ya ara, har yau shiru. Da na tambaya cewa ya yi wai littafi ne kawai. Hajiya, kada ki ba kowa aro.

Zahra'u: Malam, shida sun yi wa mai yara yawa. Maman Khalil, karanta na farko da Messiah ki huta. Na huɗun ya tsallake shekara 3,500, kuma yawancinsa dogon zance ne na Leto, ɗan Paul. Ni a nan na tsaya.

Malam Na'ibi: To kin tsaya a inda maganar take. Duk gargaɗin Herbert kan bin shugaba ido rufe a na huɗun ya nuna. Wanda bai kai can ba bai san Dune ba.

Maman Khalil: Na gode Malam, amma ni ba na iya shiga labari ta tsakiya. Ina so in san abin da ya sa mutanen cikin labarin suka haramta kwamfuta tun farko. Kuma na riga na yi nisa, ba na barin littafi a rabi.

Ɗan Zinder: Ni abin da ya dame ni yadda Herbert ya ɗebi Mahadi da jihadi ya ɗora wa mutanen hamada na cikin labarin. Na karanta, amma raina bai kwanta ba, kuma duk wanda na gaya wa sai ya ce na cika tsanani.

Malam Na'ibi: Wannan wata maganar ce daban. Hajiya, tarihin haramcin yana cikin rataye a ƙarshen na 1965, a taƙaice. Ya ishe ki.

Maman Khalil: Taƙaitawar ce ba na so. Yanzu na duba kwalin ma, babu Messiah a ciki. Zan iya tsallakewa zuwa Children?

Zahra'u: A'a, ba za ki gane me ya sami Paul ba.

Baban Sadiq: Wataƙila shi ma Yayan naki aro ya bayar. Ki tambaye shi tukuna.